Kafin a Liƙa Sunan Sarauniya a Kwalbar Turare

A shekarar 2017 kamfanin Nishane na birnin Istanbul ya fitar da turare uku a jere, ya raɗa musu sunayen taurarin wasan inuwa na gargajiyar Turkawa: Karagoz, Hacivat da Zenne. Na tsakiyan ne ya yi tashe. Yau duk saurayin da ke bin zancen turare a waya, daga Kano har Yamai, ya san sunan Hacivat ko da bai taɓa riƙe kwalbar asali ba. Riƙe ta kuwa sai mai hali, don kuɗinta ya haura jaka ɗari na sefa. Abin da ke isowa butikocin bakin kwalta a Dogon Dutsi da teburan 'yan koli ranar kasuwa shi ne 'yan uwansa na kwaikwayo da ake haɗawa a Dubai, ko madarar da ake aunawa da sirinji a ɗura a 'yar kwalba. Mutum biyu, Mert Güzel da Murat Katran, suka kafa kamfanin a 2012, kuma cikin shekara biyar suka sa wanda bai san inda birninsu Bursa yake ba yana furta sunan ɗan wasan kakanninsu.

Ba'are mai kishi ba zai ji wannan labari ya yi shiru ba. Zai ce mu ma ai muna da namu: ga Sarauniya Mangu ta Lugu, ga dutsen Tunguma, ga Baura na Bagaji, ga Samna na Tibiri, me zai hana a cika kwalba a rubuta Sarauniya a jikinta a kai Dubai da Faris? Tambayar ta yi daidai, kuma na fi son matashin da ke yin ta a kan wanda ya gamsu da sayar da kayan wasu har tsufansa. Amsar da ke fara zuwa baki ce nake jin tsoro, domin ta ɗauka cewa duk abin da ake kira gargajiya kaya ne da aka zube a fili, kowa ya zo ya ɗiba.

Sai mu fara sanin wane ne wannan Hajibat, kamar yadda Turkawa ke furta sunan Hacivat. Shi da abokinsa Karagoz 'yan tsana ne da ake yankawa daga fatar raƙumi ko ta ɓauna, a goge ta har haske ya riƙa ratsa ta, a shafa mata launi. Mai wasa yana tsayawa bayan farin ƙyalle da fitila, yana motsa su da sanduna, shi kaɗai yake yin muryar kowa. Karagoz talaka ne mara boko, mai faɗin abin da ke ransa, kullum yana juya maganar abokinsa ya fahimce ta a baibai. Hajibat kuwa ɗan birni ne mai iyayi, mai ƙawata zance da kalmomin Larabci da Farisanci. Almara ta ce leburori ne su biyun a wajen ginin wani masallaci a Bursa zamanin Sarki Orhan, a ƙarni na 14, barkwancinsu ya hana ma'aikata aiki har sarki ya sa aka kashe su, ya dawo yana nadama, sai wani ya ƙirƙiro inuwarsu don ya rage masa ɓacin rai. A dararen azumi aka fi yin wasan, a shagunan shan gahawa, mutane su biya su shiga su yi dariya. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake gado a 2009. Abin lura a nan shi ne Hajibat ɗan kasuwa ne tun ran gini. Don nishaɗi aka yi shi, kuɗi ake biya a kalle shi, babu mai yi masa yanka, babu mai rantsuwa da shi. Da aka ɗauke shi daga bayan ƙyalle aka liƙa a kwalba, sana'a kawai aka sauya masa.

Abin da ke cikin kwalbar kuma bai da wata alaƙa da Bursa. Ƙamshin abarba ne da na dangin lemo a sama, a ƙasa kuma na itace da wani gansakuka da ke fitowa a jikin bishiyoyin Turai. Abarba ba 'yar asalin Turkiyya ba ce. Masu hancin turare sun daɗe suna cewa ɗan ɗakin Aventus ne, wanda kamfanin Creed ya fitar a 2010, kuma wanda ya haɗa Hajibat ɗin, Jorge Lee, ɗan asalin Kolombiya ne. Labarin Hajibat riga ce aka saka wa ƙamshin da kasuwar duniya ta riga ta nuna tana so. Ban faɗi haka don in rage musu daraja ba, dabara ce kuma ta ci. Sai dai wanda ya tsaya kallon rigar zai manta da abin da ke ƙarƙashinta. Turkiyya na da gonakin wardi a Isparta, inda ake tara furanni tan uku zuwa huɗu kafin a tatsi kilo guda na mai, kuma ita da Bulgeriya ne ke kan gaba a duniya a wannan sana'a. Tana da al'adar zuba wa baƙo kolonya mai ƙamshin lemo a tafin hannu, da gidajen haɗa ta irin su Eyüp Sabri Tuncer da ke aiki tun 1923. Tana da masana'antun kwalba da na kwali, da jiragen da ke sauka kusan ko'ina, har da filin jirgin Diori Hamani na Yamai wanda kamfanin Summa na Turkawan ne ya sabunta shi a 2019. A kan wannan tudu aka ɗora sunan Hajibat.

Mu kuwa mun taɓa ganin yadda abin ke kasancewa idan suna da hoto namu ne, tudun na wani. Babu gidan da ba a san Binta Sudan ba, 'yar kwalbar nan ta Bint El Sudan da ke shiga lefe da kayan suna, a yayyafa ta a likkafani, a kai wa malam, a kai wa boka. A 1920 aka haife ta, a hannun kamfanin W.J. Bush na Landan, bayan wani wakilinsu mai suna Eric Burgess ya kai samfurin kayan ƙamshin da ya samo a Sudan. Mai ne zalla babu barasa, shi ya sa ta samu karɓuwa a ƙasashen Musulmi. A jikin kwalbar akwai hoton wata budurwa 'yar Sudan cikin shigar gargajiya, hoton da ya zagaye Afirka sama da shekara ɗari ba tare da an rubuta sunanta a kai ba. An daɗe ana ɗura turaren a Kano, amma mallakar sunan ta koma hannun kamfanin IFF na Amurka tun da ya sayi Bush Boake Allen, magajin W.J. Bush, a 2000. Ilimin haɗin na 'yan Sudan ne, fuskar tasu ce, masu saye mu ne, riba kuma ta bi jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, Sarauniya fa? A nan ne kwatancin ya karye. Sarauniyar Lugu ba 'yar tsana ba ce, ba kuma tauraruwar tatsuniya ba. Sarauta ce mai rai ta Gubawa, waɗanda Arawa suka tarar a Dallol Mawri, kuma har gobe akwai mai riƙe da ita a wani ƙaramin ƙauye na yankin Dankasari wanda kwalta ba ta kai gare shi ba. Mace ce da ke zaune a killace cikin bukkarta, sanye da fari, tana kaɗin auduga, ana zuwa gare ta neman albarkar damina da maganin abin da ya dami gari. Ba a yin takarar kujerarta. Idan ta rasu, gawarta ake ɗauka a makara, inda ta ja masu ɗauka ta tsaya, nan magajiya take. A can ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙarar sata da rikicin da ya gagari mutane. Mutum na iya ƙin yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yawancin Arawan yau, da suke Musulmi, ba su yarda ba. Amma abin yana da masu shi, suna raye, sun san iyakar abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa.

Mangu, wadda duniya ta sani, ɗaya ce daga cikin jerin waɗannan sarauniyoyi. A ranar 16 ga Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta auka wa Lugu. Mutanen garin suka tare ta da kwari da baka, suka ja da baya cikin surƙuƙin daji, suka kashe mata sojoji. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta fi kowace muni a Birnin Konni cikin watan Mayu, kuma kafin Yuli ya ƙare hafsoshin biyu sun mutu a hannun sojojinsu, bayan sun harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su. A takardun Faransawa maganar Sarauniya 'yan layuka ce. Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, shi ya ɗauki 'yan layukan nan da abin da ya ji a bakin mutane ya gina littafinsa na 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Daga nan sunan ya hau gidan rediyo da allunan shaguna, kuma a 2024 hukumomin soja suka ƙirƙiro lambar girma ta ƙasa da sunan Sarauniya Mangu.

Wadda ke cikin littafi da fim jaruma ce mai ɗamara, mai tsayawa gaban mayaƙa tana jawabi. Wadda ke Lugu ba ta ko fita ƙofar gida yadda ta ga dama. Marubuci ya ɗauki sunan don ya ba 'yan Nijar gwarzuwar da za su yi alfahari da ita, kuma ya yi aiki mai kyau. Mai fim ya ɗauka don ya tona asirin mulkin mallaka, gwamnati ta ɗauka don zancen 'yancin kai. Kowa da hujjarsa, kuma duk hujjojin sun fi ta mai turare nauyi. Shi mai turare me zai ce? Zai zana mace da mashi a kwali, ya ɗura madarar da ya auno a Kano ko Sakkwato, ya rubuta a talla cewa ga ƙamshin jarumta. Idan ta karɓu, kuɗin su tsaya a Yamai. Wannan Binta Sudan ce aka sake haifa, sai dai a wannan karon Burgess ɗin ɗan gida ne, kuma ban ga yadda hakan zai sanyaya wa mutanen Lugu rai ba.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwa ya kamata ya auna ko don aljihunsa. A Arewa turare ba kayan ado kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen wasan bori ya ga yadda ake kwarara shi a kan doki idan iska ta hau, ya san kowace iska da irin abin da take so. Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana bincike a Dogon Dutsi kuma ta wallafa littafinta kan borin garin a 2001, ta yi dogon bayani kan Mariya, iskar nan mai son zaƙi da kwalliya da ƙamshi. A garin da wa'azin Izala ya yi ƙarfi tun shekaru da dama, kwalbar da aka rubuta wa sunan iskar bori Doguwa ko Tunguma ba za ta shiga aljihun mai zuwa masallacin Juma'a ba. 'Yan bori kuma za su ga an mai da abin tsoronsu abin talla. An ɓata wa ɓangare biyu rai ke nan, ba a sayar wa kowa ba. Turkawan ba su sa sunan waliyyi a kwalbarsu ba, ɗan barkwanci suka zaɓa, kuma ba na jin da ka suka yi.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zance na suna shi ne yana kawar da ido daga inda dukiyar take. Ku shiga gidan da ake shirin kai amarya, a Dutsi ko Matankari ko Gecheme, ku zauna kusa da matar da aka ɗauko don haɗa turaren wuta. Farce za ta fara da shi, wannan murfin dodon koɗin teku da ke zuwa ta hanyar Sudan da Cadi, wanda ɗanyensa ƙarni yake kamar busasshen kifi. Za ta jiƙa shi, ta kankare ragowar naman da ke manne da shi ɗaya bayan ɗaya, ta shanya, ta soya har ya yi ja ya fara ƙamshi, sannan ta daka. Ta narka sukari a tukunya, tana kallon launinsa, don idan ya zarce kaɗan hayaƙin zai yi ɗaci. Ta juye yankakken itacen sandal ko hawi, ta yi ta juyawa, ta sauke, sai ya huce kaɗan ta bi shi da garin farcen da almiski da madara iri-iri, kowace da lokacin zuba ta. Ta toshe a kwalba ta ajiye, domin sabon haɗi bai nuna ba tukuna. Babu sikeli, babu takarda. Ta san wanda ake sa wa kaya a ƙarƙashin kabbasa, da na ɗaki, da na tsugunno, ta san humra fara da baƙa, ta san wanda zai kama zane ya kwana uku bai saki ba. A Faransa mai irin wannan hanci makarantar Grasse ake kai shi, a biya shi albashi mai tsoka. A nan ladanta turmin atamfa ne da godiya.

Asalin wannan ilimi na Barebari da Shuwa ne, daga Borno ya yaɗu cikin ƙasar Hausa, kuma Arawa da tarihinsu ke cewa kakansu Ari ɗan sarkin Borno ne ba za su ji kunyar cewa sun gada ba. Rauninsa ɗaya ne: kusan duk abin da ke cikin tukunyar daga waje yake zuwa. Sandal na Indiya ne, farce na teku, madara ta masana'antun Turai da Dubai, ta biyo ta Kano. Lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, duk mai sana'ar da ta dogara da wannan hanya ta ji a jikinta. Alhali ga kajiji a fadamun dallol, wanda kakanninmu mata suka daɗe suna turara ɗaki da shi. Ga jema mai saiwa mai sanyin ƙamshi, 'yar uwar ciyawar da Haiti ke tatsar manta tana sayar wa manyan gidajen turaren duniya. Ga dashi da ake shinge da shi, ƙaronsa na ƙamshi. Ga hano a kan duwatsun ƙasar Hausa, ɗan gidan su lubban. Tukunyar tatsar mai da tururi ba ta fi ƙarfin maƙerin da ke haɗa injin niƙa ba, kuma jami'ar Dosso da ta Abdou Moumouni suna da ɗaliban da ke neman abin bincike. Ranar da aka samu kwalba guda wadda rabin ƙamshinta daga ƙasar Arewa ya tsiro, ranar ce zancen suna zai zama mai ma'ana.

Sunaye kuwa ba su ƙare mana ba. Muna da namu Hajibat ɗin, har sun yi yawa. Gizo na nan da wayonsa da tsamin bakinsa, ga Ƙoƙi mai haƙuri, ga Botorami, ga 'yan wasan tashe da yara ke fitowa da su daga goma ga azumi, a daidai watan da Turkawa ke kunna fitilar Karagoz. Waɗannan na kowa ne, an yi su don dariya da hira, babu wanda zai ce an taɓa masa abin bauta. Turaren da aka kira Gizo zai sa Bahaushen Agadas da na Kumasi da na Jidda murmushi tun kafin ya buɗe murfin, kuma wannan kasuwa ta mutum miliyoyi ta fi kusa da mu a kan kantunan Faris.

Na san abin da za a ce mini: idan mu muka tsaya jin nauyi, wani a Dubai ko Faransa zai riga mu, ya yi rajistar sunan Sarauniya, mu dawo muna saye a hannunsa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, ya taɓa faruwa da albasa. Wani kamfanin iri mai zama a Senegal ya nemi hukumar rajistar mallakar fasaha ta OAPI ta ba shi mallakar Violet de Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin ya janye ya sauya wa irinsa suna, kuma sai a 2023 albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu takardar kariya daga hukumar. Amma darasin Galmi shi ne a kare suna a madadin masu shi. Hanyar tana nan a dokar OAPI, wadda Nijar ke cikinta: tambarin gamayya, wanda ƙungiya ke riƙewa, ba mutum ɗaya ba. Kwamin ɗin Dankasari da masarautun gargajiya na Arewa da dattawan Lugu za su iya zama su yi rajistar sunan, ko da ba su da niyyar sayar da komai, don dai su toshe ƙofa. Daga nan duk mai son sa shi a kwalba, ɗan Yamai ne ko ɗan Istanbul, sai ya tako har Lugu ya yi sallama, ya faɗi abin da zai zuba a ciki da kason da zai koma ga rijiya da lakwal ɗin garin, a rubuce. Suna iya amincewa. Suna kuma iya cewa a'a, ya koma ya nemi Gizo.